Yadda Ake Buɗe Kwamfuta Idan An Manta Kalmar Sirri, Ba Tare Da An Rasa Fayiloli Ba

Mantuwar kalmar sirrin kwamfuta ta fi samun wanda rayuwarsa ta koma kan waya. Waya kullum tana hannu, yatsa ko fuska ke buɗe ta, ita kuwa laftof sai ta yi wata biyu a jaka ba a kunna ta ba. Ranar da aka tashi nemanta, don gyara furojet ɗin makaranta ko fitar da lissafin shago, sai kalmar ta ƙi zuwa. Abin da mutane da yawa ke yi a nan shi ne su kai ta wurin mai gyara su ce a yi mata fomatin. Za ta buɗe, amma furojet ɗin da hotunan biki da takardun neman aiki duk sun tafi tare da kalmar da aka manta.

Kalmar sirri abu ce da ake sauyawa cikin minti goma idan an bi ta ƙofar da ta dace. Fayil ɗin da aka goge kuwa da wuya ya dawo. Shi ya sa wannan darasi ya jera hanyoyin bi da bi, daga wadda ba ta taɓa komai zuwa wadda ke share komai, kuma ba a tsallakawa zuwa ta gaba sai ta baya ta gagara. Bayanin ya fi karkata ga Windows 10 da Windows 11, sannan daga ƙarshe akwai na Mac da Chromebook a taƙaice. A yawancin hanyoyin, wayar da ke hannun mai karatu ita ce babban kayan aiki.

Duk abin da ke nan na wanda ya mallaki kwamfutar ne, ko wanda mai ita ya ba izini. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta ɗauki shiga kwamfutar wani ba da izininsa ba a matsayin laifi.

Tsohuwar kalmar ba ta fitowa, sai dai a sa sabuwa

Windows ba ta ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Tana niƙa ta ne da wani lissafi, ta ajiye sakamakon. Duk lokacin da aka rubuta kalma a shafin shiga, sai ta sake niƙa abin da aka rubuta, ta gwada da wanda ke ajiye. Idan sun zo ɗaya ta buɗe. Kamar gero ne da aka kai inji, gari ba ya komawa tsaba. Saboda haka babu wani wuri a cikin kwamfuta da za a leƙa a karanto tsohuwar kalmar. Abin da ake yi shi ne a gamsar da Windows cewa mai neman shiga shi ne mai asusun, sai ta ba shi damar sa sabuwa.

Mataki na farko: a zargi kibod kafin a zargi ƙwaƙwalwa

Sau da yawa mutum bai manta komai ba, kibod ne ke rubuta wani abu daban. A gefen akwatin da ake sa kalmar akwai alamar ido. Idan aka danne ta, haruffan da aka rubuta za su bayyana. Da ita za a tabbatar da abubuwa huɗu.

Na farko, maɓallin Caps Lock. Windows na bambance babban baƙi da ƙarami, don haka "Kano" da "kANO" kalmomi biyu ne a wurinta.

Na biyu, Num Lock. A wasu ƙananan laftof da ba su da sashen lambobi a gefe, idan wannan maɓalli na kunne sai haruffan J da K da L su riƙa fitar da 1 da 2 da 3, U da I da O kuma su fitar da 4 da 5 da 6.

Na uku, tsarin harshen kibod. A ƙasan shafin shiga, ɓangaren dama, wani lokaci ana ganin ENG ko FRA. Kibod ɗin Faransa, wanda ake kira AZERTY, shi aka fi samu a Nijar da kuma cikin laftof 'yan tokumbo da suka fito daga Faransa ko Beljiyam. A kansa, A da Q sun yi musayar wuri, haka W da Z, kuma lambobin sama ba sa fita sai an danne Shift. Idan tsarin ya juya ba a sani ba, wanda ya rubuta "azare" zai ga "qwqre". Ko tsakanin kibod ɗin Ingila da na Amurka akwai bambanci, domin alamar @ ba wuri ɗaya take ba. A latsa wannan alamar harshe a zaɓi ɗaya tsarin, a sake gwadawa.

Na huɗu, mataccen maɓalli. Ƙura ko ruwa na iya kashe harafi ɗaya tak, mutum ya yi ta bugawa bai lura ba. A jona kibod na USB, ko a latsa alamar "Accessibility" da ke ƙasa a kunna "On-Screen Keyboard", a rubuta kalmar da linzami.

Kada a yi ta cankar kalmomi babu lissafi. Sababbin zubin Windows 11 na rufe asusun cikin kwamfuta na minti 10 idan aka yi kuskure sau 10.

Mataki na biyu: wane irin kulle ne?

Ba kowane kulle ke da mabuɗi iri ɗaya ba, kuma nan ne mutane suka fi ɓata lokaci. A dubi abin da fuskar kwamfutar ke nunawa.

Idan ta nemi PIN, to gajeriyar lambar nan ce ta Windows Hello. Idan ta nemi kalmar sirri kuma akwai rubutun "I forgot my password" a ƙasa, ko ana ganin adireshin imel a wurin, asusun Microsoft ne. Idan bayan an yi kuskure sau ɗaya aka ga "Reset password" ko wata 'yar tunatarwa da aka rubuta tun farko, asusun cikin kwamfuta ne, wanda ba shi da alaƙa da intanet. Idan shuɗin shafi ne mai neman dogayen lambobi, BitLocker ne. Idan kuwa tun kafin tambarin Windows ya fito aka ga ƙaramin akwati na neman kalma, wannan kullen BIOS ne.

Kwamfutar ofis ko ta makaranta tana da nata hukunci. Asusunta na hannun sashen kula da kwamfutoci na wurin, su ne ke sauya kalmar, kuma yunƙurin yi da kai na iya jawo wa ma'aikaci ko ɗalibi tuhuma.

Idan PIN aka manta

PIN da kalmar sirri ba abu ɗaya ba ne. PIN na aiki ne a kan wannan kwamfutar kaɗai, kalmar sirri kuwa ta asusun ce gaba ɗaya. Wanda ya manta PIN amma yana tune da kalmar sirri, sai ya latsa "Sign-in options", ya zaɓi alamar mabuɗi, ya shiga da kalmar. Bayan ya shiga sai ya je Settings, ya shiga Accounts, sannan "Sign-in options", ya sa sabon PIN.

Mai asusun Microsoft zai ga "I forgot my PIN" a shafin shiga. Idan ya latsa, za a nemi kalmar sirrin asusun, a turo masa lambar tantancewa ta waya ko imel, sannan a ba shi damar sa sabo. Wani lokaci bayan kuskure da yawa Windows kan ce a rubuta A1B2C3 kafin a ci gaba. Ba lalacewa ba ce, tana son tabbatarwa ne cewa mutum ne ke bugawa.

Idan asusun Microsoft ne

Wannan shi ne mafi sauƙi, domin kalmar ba a cikin kwamfutar kaɗai take ba, tana wurin Microsoft. Tun da Windows 11 ta fito a 2021 kamfanin ke matsa wa masu sabuwar kwamfuta su shiga da irin wannan asusu, don haka mutane da yawa suna da shi ba tare da sun lura ba. Adireshin kan ƙare da outlook.com ko hotmail.com ko live.com, amma ana iya buɗe shi da adireshin Gmail ma.

1. A buɗe burauzar waya a shiga account.live.com/password/reset.
2. A rubuta imel ko lambar wayar da aka buɗe asusun da ita.
3. Microsoft zai nuna wani ɓangare na lambar waya ko imel ɗin da aka ajiye don irin wannan rana. A zaɓi wanda ke hannu, a cike abin da aka ɓoye, a nemi lambar tantancewa.
4. A sa lambar da aka turo, sannan a rubuta sabuwar kalma sau biyu.
5. A koma kan kwamfutar a haɗa ta da intanet kafin a gwada sabuwar kalmar.

Mataki na biyar shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Kwamfutar da ba ta kan intanet ba ta san an sauya komai ba, tsohuwar kalmar take jira. A kunna hotspot na waya, a latsa alamar intanet da ke ƙasan shafin shiga, a haɗa, sannan a rubuta sabuwar kalmar.

Matsala na tasowa idan layin da aka ajiye ya ɓata ko an rufe shi. Idan layin na mutum ne kuma da NIN ɗinsa aka yi masa rajista, ya fi sauƙi ya je ofishin kamfanin layin a dawo masa da shi. Amma layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. A irin wannan hali sai a koma ga fom ɗin da ke account.live.com/acsr. Fom ɗin na neman wani imel mai aiki da za a turo amsa, sannan ya yi tambayoyi: tsofaffin kalmomin sirri da aka taɓa amfani da su, ranar haihuwa, adiresoshin mutanen da aka aika wa saƙo, da taken saƙonnin. Na'ura ce ke duba amsoshin, don haka a cike duk abin da aka iya tunawa, kuma a yi daga waya ko wurin da aka saba shiga asusun. Amsa kan zo cikin awa 24, kuma ana iya sake gwadawa har sau biyu a rana.

Wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunsa, fom ɗin ba zai yi masa aiki ba. Dole ya samo ɗaya daga cikin hanyoyin da ya ajiye, ko lambar ceto mai haruffa 25 idan ya taɓa fitar da ita. Ma'aikatan Microsoft su ma ba sa sauya wa mutum kalmar sirri da hannunsu. Duk wanda ya kira waya ko ya turo saƙo a WhatsApp yana cewa shi ma'aikacinsu ne, a karanta masa lambar da aka turo, ɗan damfara ne.

Idan asusun cikin kwamfuta ne

Irin wannan asusu shi masu shago suka fi buɗewa idan suna saita kwamfuta, musamman ta hannu. Babu kamfanin da ke riƙe da kalmarsa, don haka hanyoyin duk a kan kwamfutar suke.

Tambayoyin tsaro su ne na farko. Tun daga zubin Windows 10 mai lamba 1803, wanda ya fito a 2018, duk mai buɗe asusun cikin kwamfuta da kalmar sirri ana sa shi ya amsa tambayoyi uku, kamar garin da aka haife shi ko sunan makarantarsa ta farko. Bayan an yi kuskuren kalma, a latsa OK, sannan "Reset password". Idan amsoshin uku suka yi daidai, nan take za a sa sabuwar kalma. Idan mai shago ne ya saita kwamfutar, shi ya san abin da ya rubuta, sai a tuntuɓe shi.

Na biyu, filashin sauya kalma. Windows na ba da damar haɗa wani filashi na musamman tun kafin a manta. Wanda yake da shi sai ya jona, ya latsa "Reset password", ya bi umarnin. Ba a iya haɗa shi bayan an riga an kulle.

Na uku, wani asusun admin. Idan kwamfutar ta gida ce, kuma yaya ko ƙane na da nasa asusun mai matsayin admin, zai iya shiga ya buɗe Control Panel, ya je "User Accounts", ya latsa "Manage another account", ya zaɓi asusun da ya kulle, ya sa masa sabuwar kalma. Wanda ya saba da Command Prompt kuma, sai ya buɗe shi a matsayin admin, ya rubuta net user don ganin sunayen asusun, sannan ya rubuta net user da sunan asusun da alamar tauraro, kamar haka:

net user Aisha *

Zai nemi sabuwar kalma sau biyu. Ba a ganin haruffan yayin bugawa, amma suna shiga.

Wannan hanya ta uku tana da tsada ɗaya, wadda Windows da kanta ke gargaɗi a kai. Idan wani asusu ne ya tilasta sauyin, mai asusun zai rasa fayilolin da ya kulle da tsarin EFS, da kalmomin sirrin da Windows ta adana masa, har waɗanda burauza ta riƙe na iya tafiya idan ba a haɗa ta da asusun Google ba. Dalili shi ne da tsohuwar kalmar aka ɗaure su. Fayiloli na yau da kullum, irin su hotuna da takardun Word, ba abin da ke samun su.

Akwai bidiyoyi da yawa a YouTube masu nuna dabarun kutsawa ta bayan gida, ko wata manhaja da za a sauke ta fasa kalmar. Haɗarinsu biyu ne. Manhajojin da ake rabawa kyauta a shafukan da ba a sani ba sukan zo da ƙwayar cuta. Sannan duk dabarar da ke buƙatar tayar da kwamfuta daga filashi za ta ci karo da BitLocker idan yana kunne, kuma wanda ba shi da mabuɗinsa yana iya mayar da ƙaramar matsala babba.

BitLocker: kullen da ba a fasawa

Kalmar sirrin Windows kamar kwaɗon ƙofar ɗaki ce, kayan ciki suna nan yadda suke ko da ƙofar ta ƙi buɗuwa. BitLocker kuwa kayan cikin yake juyawa su koma rubutun da ba mai iya karantawa sai da mabuɗi. An yi shi ne don idan an sace laftof, ɓarawo ya kasa ganin komai ko da ya cire diskin, wato ma'adanar da ke riƙe da fayiloli. Kwamfutoci da yawa na zamani na kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma zubin Windows 11 mai suna 24H2 ya ƙara yawan kwamfutocin da hakan ke faruwa a kansu.

Mabuɗinsa lambobi 48 ne, kashi takwas, kowane kashi lamba shida. Kwamfutar kan neme shi idan ta ga an sauya saitin BIOS, ko an taɓa wasu kayan cikinta, ko an kai diskin wata kwamfutar. Ana samo shi ta waya: a shiga aka.ms/myrecoverykey da asusun Microsoft ɗin da aka saita kwamfutar da shi. Idan mabuɗan sun fi ɗaya, a dubi "Key ID" da ke kan shuɗin shafin, a zaɓi wanda farkonsa ya yi daidai da shi.

Idan da imel ɗin wani aka saita kwamfutar, mabuɗin na cikin asusun wancan mutumin. Idan kuma mabuɗin ya ɓata ƙwata-ƙwata, Microsoft ba zai iya sake fitar da shi ba, mai gyara ma haka. Kwamfutar za ta sake aiki bayan an zuba sabuwar Windows, amma fayilolin sun tafi. Saboda haka, kafin a bar kowa ya buɗe BIOS ko ya cire diski, a fara shiga wannan shafi a kwafi mabuɗin a takarda.

Idan duk sun gagara: a kwashe kaya kafin a rushe ɗaki

Kafin komai, a duba ko fayilolin na kan intanet. Windows kan kwafi abin da ke Desktop da Documents da Pictures zuwa OneDrive ga masu asusun Microsoft. A shiga onedrive.com ta waya a gani.

Idan ba sa can, akwai hanyoyi biyu na kwashe su, matuƙar BitLocker ba ya kunne ko kuma mabuɗinsa na hannu. Ta farko, a cire diskin a sa shi a gidan diski na USB, a jona wa wata kwamfutar, a shiga folda mai suna Users a kwafi abin da ake so. Wannan ba zai yiwu ba a wasu sirara da ƙananan laftof da aka manne ma'adanarsu a jikin allon ciki. Ta biyu, a zuba Ubuntu a filashi, a tayar da kwamfutar daga gare shi, a zaɓi "Try Ubuntu". A kula sosai a nan, domin zaɓin "Install" na iya goge Windows da abin da ke cikinta. Da zarar Ubuntu ta buɗe, ana iya ganin diskin a kwashe fayilolin zuwa wani filashi.

Sai an buɗe fayilolin da aka kwafa an tabbatar suna aiki, sannan a share kwamfutar. A shafin shiga, a danne Shift, a latsa alamar kashewa, a zaɓi Restart ba tare da an saki Shift ba. Idan shuɗin shafi ya fito, a bi Troubleshoot, sannan "Reset this PC", sannan "Remove everything". Ɗaya zaɓin, "Keep my files", ba ya magance wannan matsala, domin yana barin asusun tare da kalmarsa. A jona caja kafin a fara, a kuma tabbatar batirin ya cika, saboda aikin na iya ɗaukar sama da awa guda kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na iya lalata shi. Lasisin Windows na asali ba ya ɓata, yana dawowa da kansa idan kwamfutar ta hau intanet.

Wanda kwamfutarsa ke kan Windows 10 ya sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tunda dai sharewa za a yi, lokaci ne mai kyau na duba ko za ta ɗauki Windows 11.

Kullen BIOS

Wannan ba a cikin Windows yake ba, don haka fomatin ba ya cire shi. A tsofaffin kwamfutocin tebur, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo na ɗan lokaci kan goge shi. A yawancin laftof na zamani, musamman na ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, kalmar na cikin wani guntu da ba ya mantuwa ko an cire batiri. Hanyar da ta dace ita ce a koma wurin wanda ya sayar, ko a tuntuɓi kamfanin da ya ƙera ta da shaidar saye. Mai sayen laftof 'yar tokumbo ya shiga BIOS tun a shago ya tabbatar babu kulle kafin ya biya kuɗi.

Mac da Chromebook

A Mac, bayan an yi kuskure sau uku shafin shiga kan nuna zaɓin sauya kalma da asusun Apple, ko da mabuɗin FileVault mai haruffa 24. Idan bai nuna ba, a shiga sashen Recovery. A Mac mai guntun Intel ana danne Command da R yayin kunnawa. A mai guntun Apple, daga M1 na 2020 zuwa sama, ana danne maɓallin kunnawa har sai zaɓuɓɓuka sun bayyana. Daga nan a buɗe Utilities, sannan Terminal, a rubuta resetpassword a haɗe. Za a iya neman asusun Apple ɗin da aka ɗaure na'urar da shi, kuma idan na tsohon mai ita ne, sai shi zai cire.

Chromebook da asusun Google yake buɗewa, don haka ana sauya kalmar ta waya a accounts.google.com/signin/recovery. Fayilolin da ke Google Drive ba abin da zai same su, amma waɗanda ke cikin na'urar kanta na iya neman tsohuwar kalma kafin su buɗe.

Idan za a kai wa mai gyara

Akwai masu gyara ƙwararru, kuma ba laifi a nemi taimakonsu. Sai dai mai kwamfuta ya faɗi abin da yake so a fili: a fara kwashe fayiloli, kada a yi fomatin sai ya gani da idonsa cewa sun kwafu. Ya je da nasa filashin ko diskin waje, ya je da mabuɗin BitLocker idan akwai, ya je da rasit domin mai gyara na gari zai tambaya. Ya fi kyau ya zauna a yi aikin a gabansa, tunda duk wanda ya buɗe kwamfuta zai iya ganin hotuna da takardun da ke ciki. Idan za a buɗe sabon asusu, da imel da lambar mai kwamfutar za a buɗe, kuma shi zai rubuta kalmar da amsoshin tambayoyin tsaro da hannunsa.

Aikin minti goma sha biyar ga wanda kwamfutarsa ke buɗe yau

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya cin ko sisi in ban da 'yar data.

1. A shiga Settings, sannan Accounts, a ga ko asusun Microsoft ne ko na cikin kwamfuta, kuma imel ɗin wa ke kai.
2. Mai asusun Microsoft ya shiga account.microsoft.com, sashen Security, ya tabbatar layin da ke ciki yana hannunsa, ya ƙara imel na biyu. Wanda ya jira sai ya rasa duka hanyoyin kafin ya sauya su, Microsoft na sa shi jiran kwana 30. A wannan sashe ne kuma ake fitar da lambar ceto mai haruffa 25.
3. A kwafi mabuɗin BitLocker a takarda, a ajiye tare da takardun makaranta ko na fili, ba cikin jakar laftof ba.
4. Mai asusun cikin kwamfuta ya sabunta tambayoyin tsaronsa, ya kuma haɗa filashin sauya kalma ta "Create a password reset disk" da ke Control Panel. Filashin na aiki ko an sauya kalmar sau nawa, don haka a ɓoye shi kamar mabuɗin gida.
5. Wanda ya saba shiga da PIN ko yatsa ya riƙa shiga da cikakkiyar kalmar lokaci zuwa lokaci, don kada ta gushe masa.
6. Muhimman fayiloli su kasance a wuri biyu. OneDrive na ba da 5GB kyauta, Google kuma 15GB, wanda ya ishi takardun karatu da na kasuwanci.

Wanda ya yi waɗannan shida, ranar da kalmar ta ɓace masa zai ɗauko wayarsa ne ya karɓi lambar tantancewa, ya sa sabuwar kalma, ya ci gaba da aikinsa daga inda ya tsaya.